Rasuwar Gwaggo Bep, da Ƙofarta a Kulle

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gwiwoyi biyu da suka daɗe suna kai ƙarata, ni Sibe Talsma na layin bayan tashar jiragen ruwa a garin Harlingen nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar injin wankin gidanmu, wadda kowa ya sani da Gwaggo Bep. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi, a ɗakinta da ke can ƙarƙashin rufin gida. Ta cika tana bakin aiki, ƙofarta a kulle, kuma har yanzu da nake wannan rubutu ba a buɗe ta ba.

Marigayiya ba ta ƙofa ta shigo gidan nan ba. Matakalarmu tsukakkiya ce, ko kujera sai an lallaɓa take juyawa a cikinta. Igiya aka ɗaura mata aka ja ta da ƙugiyar da ke goshin gida, tana lilo a saman titi, maƙwabta sun fito suna ba da shawarar da ba wanda ya nema. Matata Rinske ce ta tarbe ta a bakin taga. Ita ce kuma ta raɗa mata suna, don ta ce gunagunin da take yi in an cika mata ciki sak na wata gwaggonta ne da ba a taɓa iya mata.

Ɗakin nan, rufinsa ya gangaro ta gefe biyu, a tsakiya kaɗai mutum ke iya miƙewa. Ni dogo ne, Rinske kuwa in ta tsaya kusa da ni kanta a ƙirjina yake ƙarewa. Ranar da za mu mai da shi ɗakin wanki na hau da awo da fensir da zanen da na ɓata kwanaki ina yi, inji a tsakiya, teburi a gefensa. Ko kallon zanen ba ta yi ba. Takawa ta yi a hankali zuwa inda rufin ke saukowa, har gashin kanta ya taɓa katako, sannan ta sunkuya ta ja layi da alli a ƙasa. Ta ce, "Daga nan zuwa can ƙasata ce, Falwaya. Kai ka riƙe tsakiya ka yi ta tsawonka." A bayan layin nan aka ajiye Gwaggo. Kantar sabulu daidai kafaɗar Rinske, teburin guga daidai ƙugunta, igiyoyin shanya daidai inda hannunta ke kaiwa ba tare da ɗage ba. Duk wani abu da ke ɗakin da jikinta aka auna shi. Ni abin da na samu shi ne ƙulu a goshi, da muryarta daga lungu tana cewa, "Katakon nan bai matsa ba tun jiya, sunkuya mana!"

Muna shaida wa marigayiya da haƙuri da riƙon amana. Ta wanke kayan aikina masu ƙarnin kifi da man inji ba ta taɓa mayar da su ba. Ta yi wa ɗanmu Hidde wanki tun daga wandon makaranta har rigar aurensa. Maganarta ba ta da yawa, kuma a jere take. In an rufe ƙofa ta ce ƙat. In ruwa ya shigo ta ce shaaa. Daga nan sai gurum, gurum, gurum, kamar mai mita a ɗaki. In ta zo matsa kaya kuwa, gidan gaba ɗaya ke sani, har cokula su yi ta rawa a kicin. Laifinta ɗaya ne, cin safa, kuma ƙafa ɗaya take ci ta bar ɗaya. Duk wanda ta yi wa haka muna roƙon ya yafe mata.

Wata rana da bazara Rinske ta ji zafi a ɗakin, ta cire koriyar suwaitarta ta rataye a ƙusan da ke jikin katakon rufi, ta ce bari ta sauka ta ɗora kofi. Ba ta sake hawa matakalar nan ba. Daga kicin sai asibiti, daga asibiti sai maƙabartar da ke bayan coci. Suwaitar ta zauna a ƙusanta, ni kuma na gaji wanki.

A durƙushe nake yinsa, don babu wata hanyar da mai tsawona zai kai ga ƙofar Gwaggo. A nan na gano abin da ban faɗa wa kowa ba sai yau. In Gwaggo ta ɗauki zafi, ɗakin yakan yi ɗumi, ɗumin ya hau sama ya tarar da suwaitar, sai ƙamshin Rinske ya sauko. Man da take shafawa a hannu, da kofi, da wani abu na wuyanta da ba shi da suna. In an zo matsa kaya katakon ya girgiza, hannayen suwaitar su ɗan ɗaga su sauka. Gwaggo kuma ta riƙa takowa, taku kaɗan-kaɗan, har ta iso kan layin allin da ya kusa gogewa, ta tsaya cak a inda Rinske ke tsayawa. Hidde ya ce ƙasan ɗakin ne ya karkace. Wataƙila haka ne. Ni dai nakan tura ta da gwiwa in mayar da ita, kuma ban taɓa juya bayana ga lungun nan ba sai na ce sai an jima. Akwai makonnin da na wanke tawul masu tsabta don kawai ɗakin ya yi ɗumi.

Ba zan ɓoye ba, ƙamshin ya yi ta raguwa. Da daga bakin matakala nake jinsa, ya koma sai na zo tsakiyar ɗaki, ya koma sai na tsaya ƙarƙashin ƙusan. Tun sanyin bara na daina kai hancina jikin suwaitar sam. Tsoro nake ji in shinshina in ji ulu kawai. Muddin ban gwada ba, Rinske tana nan a jikin rigar, kuma da wannan nake kwana nake tashi.

Ciwon ajalin marigayiya gajere ne, kuma da kyakkyawar niyya ya zo. Watan jiya katakon ya fasa mini goshi har sai da aka yi ɗinki. Hidde ya hau ya duba, ya ce, "Baba, ramin nan zai kashe ka. An yi shi don Mama, ba don kai ba." Ya yanke shawara za a fasa rufin ta gefe ɗaya a fitar da taga mai tsayi, a ɗaga teburi, a sa komai inda zan tsaya a miƙe kamar mutum. Ranar Talata matarsa Ilse ta zo kwashe tarkace kafin kafinta ya fara. Yarinyar kirki ce, mai zafin nama. Ta tattara duk wani ƙyalle da ta gani a ɗakin, ta ga tsohuwar suwaita ta yi ƙura a ƙusa, ta haɗa da ita ta cusa wa Gwaggo, ta zuba sabulu ta danna.

Ina ƙasa na ji ƙat. Ban san da irin ƙafar da na hau matakalar ba. Na tarar da ƙusa ba komai, na ga koren hannun suwaitar a manne da gilashin ƙofa daga ciki. Abin da ke biye da ƙat na san shi, shaaa ne, kuma in ya zo an gama. Gwaggo ta yi wani nishi mai tsawo da ban taɓa ji daga gare ta ba. Fitilarta ta yi ƙifta-ƙifta. Sai ta ce tas, wani siririn hayaƙi ya fito ta bayanta, shi ke nan. Ko ɗigon ruwa ba ta ja ba.

Ilse ta zauna a kan kwando tana kuka, tana cewa, "Baba, Allah ban sani ba, da na sani ko taɓa ta ba zan yi ba." Na gaya mata ba ta da laifi, kuma ina maimaitawa a nan don kowa ya ji. Mai gyara ya zo ya duba ya ce ƙwaƙwalwarta ce ta ƙone, tsufa ne, ba a ƙara yin irin kayanta. Shi ya san inji, ni kuma na san Gwaggo. An ba ta umarnin da ba za ta iya bi ba ne, ta zaɓi ta tafi. Ya ɗauko sukuddireba ya ce, "Kawu, yanzun nan zan ɓalle maka ƙofar ka ɗauki kayanka." Na riƙe masa hannu. Hidde ya ce, "Haba Baba, riga ce fa. A buɗe ka ɗauki abarka." Na kasa yi masa bayani. In an buɗe dole in ɗauka, in na ɗauka dole in kai ta fuskata, daga nan kuma zan sani.

Marigayiya ta rasu ta bar dutsen guga, wanda tun Talata bai yi zafi ba, da teburinsa mai ɗingishi, da igiyoyin shanya, da kwando guda cike da gwaurayen safa. Ta bar tsoho ɗaya da bai san abin da zai yi da safiyar Litinin ba, ranar da ya saba wanki.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe, a nan gida. Ba za a sauke ta da igiya ba, kuma motar kwasar tsofaffin ƙarafa kada ta wahalar da kanta. Ni zan yi mata wanka da tsumma da ruwan ɗumi, in lulluɓe ta da farin zanen gado. An riga an rufe famfo, an zare waya daga bango. Hidde da kafinta za su tura ta can ƙarshen lungu inda rufi ya haɗu da ƙasa, su kafa bangon katako a gabanta, ƙofarta a kulle yadda ta bar ta. Hidde bai so ba, amma ya yarda. Sabon inji zai tsaya a ƙarƙashin sabuwar taga, kuma ba ni da wata ƙiyayya da shi.

Za a karɓi gaisuwa a falon ƙasa, akwai kofi da kek yanka ɗaya-ɗaya. Masu son yin ban kwana su hau ɗaya bayan ɗaya, su riƙe ƙarfen matakala. Ana roƙon kada a shafa turare, masu shan taba kuma su tsaya a ƙasa. Kada wanda ya ja marfin don gwaji. Kuma don kada a yi ta raɗa a bayana, ga amsar tun yanzu: i, jiya na kai hancina bakin ƙofar, na bi robar da ta zagaye gilashin kaf, a hankali. Ban ji komai ba sai warin roba. Ko kaɗan ba ya fita, ke nan duk yana ciki.