Yadda Ake Gyara Kwamfutar Suruki Mai Sanye da Rigar Ulu

Matarka ta je gidansu ta ce kai injiniya ne, don kawai ka taɓa canja batirin rimot. Ga shi yanzu surukinka ya kira ka. Kwamfutar da yake rubuta tarihin rayuwarsa da yatsa ɗaya tana sandarewa, ta mutu, ta tashi da kanta, ta haɗiye masa shafi. Bi matakan nan, na yi maka alkawari za ka fito da mutuncinka.

1. Shiga da fuskar likita

Durƙusa ka gaishe shi, sannan ka kalli kwamfutar ka girgiza kai. Ka ce, "Hmm." Manyan masana ba sa wuce haka.

2. Gano ciwon, ka yi gum

Ɗora hannu a kanta. Za ka ji ta yi zafi zau. Dalili a fili yake: surukarka ta saƙa mata rigar ulu mai furanni, ta toshe duk wata kafar iska, fankar ciki sai nishi take. In ta leƙo ta ce, "Ka ga rigar? Sai da idona ya yi ciwo kafin in gama," ka ce, "Mama, ai ko a kanti babu irinta."

3. Ɗora wa marasa baki laifi

Zare ram, ɗan allon nan na ƙwaƙwalwar kwamfutar, ka hure, ka mayar. Canja soket. Zargi wayar wuta, zargi ƙura. Duk cikinsu babu wanda ya ba ka 'yarsa.

4. Gwada wayo

Ce za ka kai rigar wanki. Mama za ta ɗauko ta biyun, wadda ta saƙa saboda irin wannan rana.

5. Tuɓe rigar

Kwamfutar za ta sake mutuwa a gabanka. Baba zai cire tabarau ya ce a hankali, "Babin mahaifiyata ne ya tafi. Ban sani ba ko zan sake tuno shi haka." Nan wasa ya ƙare, tausayi zai kama ka. Ka ce, "Mama, zafi take ji," ka cire wa kwamfutar rigar. Za ta warke sarai, Baba ya koma rubutunsa. Mama kuwa za ta riƙa auna kafaɗarka da ido.

Gargaɗi: babu ruwana in aka aiko maka da rigar ulu mai furanni daidai jikinka, aka ce ana son ganinka da ita duk ziyara. In ka fara sandarewa kada ka neme ni. Ni ma tawa ce a jikina.