Mamacin da Ke Aiko Janwe

"Lafiya lau, amaryata, sai dai sanyi. To, ina motar da ta mutu yau kuma?"

Curtis ne yake tambaya, yana kakkaɓe ƙanƙara daga takalmansa a ƙofar kicin ɗin kakarsa Marlys. Janwen da yake tuƙawa yana waje a kunne, fitilar samansa tana juyawa cikin farin hazon da ya taso daga tafki ya haɗiye gidajen maƙwabta.

"Wa ya aiko ka?" in ji ta, ba ta ko ɗago kai daga tukunyar kofi ba.

"Mijinki na fari."

"To ka gani. Mutum yana cikin kabari ma ya fi ka sanin ya kamata. Kai in ba a aiko ka ba, sai in ruɓe a gidan nan ba ka leƙo ba."

"Ruɓewa kuma ta nawa? Ke da likitan haƙori ya ce ki daina zuwa, ki riƙa aiko masa da haƙoran a kofi."

Mijin nata, Toivo, ya ƙare rayuwarsa ne yana aiki a ofishin wani kamfanin janwe a birnin Duluth na Amurka, yana amsa wayar waɗanda motarsu ta lalace, yana tura musu direba ta oba-oba. Bayan rasuwarsa kamfanin ya kwashe duk maganganunsa da aka taɓa naɗa ya ɗura wa na'ura. Yanzu ofishin kujeru shida ne babu mai zama. Na'urar ke amsa waya, ita ke raba aiki, ita ke sallamar direba, duk da muryar Toivo, har da ɗan tarin da yake yi kafin ya ambaci sunan titi.

Tun da Marlys ta gano haka, sai ta tsiri kiran lambar tana cewa motarta ta ƙi tashi, don dai ta ji shi. Ita kuwa na'urar, ko Curtis yana can ƙetaren gada, shi take turowa. In ya zo bai ja komai ba, sai ta rubuta masa laifi. Ya lissafa, tara ke nan a kansa. A na goma ake rufe wa direba motarsa, kuma babu ɗan Adam ɗaya da za a je a ba haƙuri.

"Kaka, zancen gaskiya ya kawo ni," ya ce. "An ce ɗan kuka ke jawo wa uwarsa jifa. Ni a gidanmu tsohuwar kuka ce za ta jawo wa jikanta."

"Kishi ne ke cin ka. Ka ga ina hira da wanda ya fi ka murya. Kai in ka yi magana kamar an taka wutsiyar kyanwa."

"Hira da akwati? Ai gara ki yi da firij, ko ba komai zai ba ki madara."

"Firij bai taɓa kai ni rawa ba."

"Shi ma wancan sau ɗaya ya kai ki, kuma kowa ya san ƙafarki ya taka."

Ta yi murmushi, ta tura masa kofi da yankan burodin kirfa. Ya ci, amma bai saki zancen ba. Ya gaya mata cewa da wannan janwen yake ciyar da 'yarsa, kuma Hank da suka fara aiki tare, ranar Talata laifinsa ya cika goma, yana tsakiyar titi motar ta kashe kanta, muryar ta yi masa godiya, shi ke nan. Ya roƙe ta ta daina kira.

Marlys ta daɗe tana juya cokali.

"Yau ban kira ba," ta ce. "Shi ya kira ni."

Curtis ya ajiye burodin.

"Ya ce, 'Mar, kin tayar da motar nan kuwa? Sanyi zai kashe batirin.' Na ce ban tayar ba. Ya ce bari ya turo yaron."

Curtis ya san bayanin abin. Duk safiyar hunturu kakansa yakan buga mata waya daga ofis ya yi wannan tambayar, kuma da waɗannan ma aka ɗura. Sanin bai sa abin ya kwanta masa a rai ba. Ya buɗe baki zai mayar da abin wasa, sai oba-oban da ke rataye a kafaɗarsa ya yi tari.

"Curtis. An samu motar?"

In ya ce a'a, laifi na goma ya cika. In ya ce e, sai ya ɗora wani abu a bayan janwe, don na'urar tana jin nauyi.

"Mene ne kake zare ido kamar ɓera a buta?" in ji Marlys. "Da yana raye ma haka kake yi in ya tambaye ka wa ya sha masa giya."

Ta miƙe, ta ciro wani makulli daga ƙusar da ke bayan ƙofa, ta wuce gaba ya bi ta zuwa gareji. Koriyar motar Toivo tana nan inda ya ajiye ta ranar da aka kai shi asibiti, hularsa a kan kujera. Tun daga ranar ko tayarta Marlys ba ta bari an taɓa ba. Ta shiga da kanta, ta murɗa makulli. Ko tari motar ba ta yi ba.

"Gaya masa an samu," ta ce. "Ka ce ta mutu murus, kamar mai ita."

"Kaka, in na ja ta, ba ki da sauran dalilin kira."

"Ai na sani, sarkin surutu. Ja ka tafi da ita kafin in sake shawara."

"Ina zan kai?"

"Gidanka mana. Sadaki ne, tunda dai miji matalauci na samu, ni zan biya."

Ya danna oba-oba ya ce an samu. Ya kawo janwe da baya, ya ɗaura sarƙa, motar ta hau a hankali tana ƙara kamar ba ta son barin wurin. Marlys ta zaro hular daga taga ta riƙe a ƙirji, tana tsaye cikin hazo da furfurarta a buɗe.

Muryar ta sake yin tari.

"Madalla, Curtis. An rubuta." Sai ta ƙara da cewa: "Mar, ki sa hula. Akwai sanyi."

Curtis ya juya ya dubi ɗan idon kyamarar da ke manne a bayan janwen. Wataƙila da shi na'urar ta ga furfurar a buɗe. Wataƙila.

Marlys kuwa sai ta fashe da dariya har tana share ido, ta kifa hular a kanta, ta cusa masa makullin a aljihu.

"Ka ji ko? Shekara hamsin yana ba ni umarni, mutuwa ma ba ta koya masa yin shiru ba. Tafi, ango, ka ci nasara. Amma ranar Lahadi ka zo da ƙafarka, kada sai mamaci ya aiko ka."