Ranar da Na Daidaita Atam ɗin Balkisu

Ba za ni taɓa mantawa da ranar da na gyara abin da bai ɓaci ba. Wauta ce tawa ta kaina, da furfurata da komai, ba wanda ya aike ni.

Boko dai aji biyu na yi a Tozai na gudu (malamin bai ko neme ni ba, ina jin hutu ya samu). Amma akwai inda ba a ja da ni, wato rabon watanda. In anka haɗa hannu anka yanka sa, ni ake kira in kasa nama. Idona ba ya jure ganin kashi guda ya ɗara ɗan'uwansa ko da tsoka ɗaya.

To, jikata Balkisu tana sakandare a Isa. Makarantarsu ta sa ranar nuna aikin kimiyya, wanda ya zo na ɗaya a tafi da shi gasa Sakkwato. Ita ko ba ta taɓa ganin Sakkwato ba, ta ɗora ranta a kai. Ta zaɓi atam, wai ƙwayar nan da ido ba ya gani, wadda anka gina komai da ita, har ni.

Ta mulmula yumɓu kamar dawo, ta ce haka mutanen farko sunka zace shi. Ta mulmula wani ta cuccusa mai wake, ta ce haka na bayansu sunka ce, kafin a gano cibiya gare shi, sauran kusan duk fili ne.

Na ce, "Ashe masanan naku ma lalube suke yi, uwargida."

Ta ce, "Su dai sun zauna aji, Kaka."

Babban aikin kuwa faifai biyu ne. Ta ɗinka wake shida bisa zoben kowanne, a tsakiya ta manna yumɓu ta kafa magarya da aya.

Da safen ranar tana wanke takalminta, na ɗaga zanen da ta rufe su don in sa albarka. Magarya shida nan, shida can, madalla. Aya shida nan, can kuma takwas! Na ce a raina, yarinya ta gaji ta yi kure, gara da Allah Ya kawo ni. Yumɓun bai gama bushewa ba. Na zare aya guda daga mai takwas na mayar wa mai shida, bakwai bakwai, na shafe ramin da yatsa na rufe. Ban gaya mata ba, wai kada in kunyata ta.

A makaranta na zauna bencin gaba da babbar rigata, ina gaya wa na kusa da ni cewa har da hannuna a aikin (wannan kam ban yi ƙarya ba). Balkisu ta bi ƙwallayen yumɓu ɗaya bayan ɗaya, bakinta ba gargada. Ta yaye zanen faifai.

"Magaryar nan furoton ce," in ji ta. "In sun kai shida, kabon ne, ba wani ba. Aya kuwa nutron, su ke iya bambanta. Gida ɗaya, nauyi daban, shi ake kira aisotof. In anka haɗa magarya da aya, wanga kabon sha biyu, wancan sha huɗu."

Nan na gane ɓarnar da na yi.

Malamar da ke alƙalanci ta sunkuya ta ƙirga da bakin biro. "Ɗiyata, ina bambancin? Ni duka sha uku nike gani."

Balkisu ta ƙirga, ta sake ƙirgawa. Malama ta soma rubutu. Da na yi shiru, ba mai sani sai Allah. Na miƙe dai, gwiwa na ƙara.

"Malama, a gafarce ni, ni ne. Na ga kashin bai yi daidai ba."

Wani mutumin garinmu daga baya ya ɗaga murya: "La ilaha! Tsoho ya yi wa kimiyya watanda!"

Wurin ya ɗauki dariya, har da shugaban makaranta yana share ido da hularsa. Malama ta ce Balkisu ta mai da ayar ta ci gaba. Ta mayar, amma muryar ta riga ta tafi, rabin abin da ta tanada ya tsere mata. Ta zo ta uku. Wata yarinya ce ta tafi Sakkwato.

Ni dai na koyi cewa ba kowane bambanci ne kure ba, wani haka Mai shi Ya yi abinsa. Ko nama yanzu sai na tambaya kafin in taɓa.

A motar komawa faifan na bisa cinyarta. Sai da munka hango Tozai ta juyo ta dube ni.

"Kaka, ina nan tsakar gida fa. Mi ya hana ka tambaye ni?"