Kwaɗon da Na Sa wa Rumbun Tsimi

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tara mutanen Dakoro don su ga an kama ɓarawo, aka tashi ni ake kallo. Zamanin Nasara ne, ina saurayi, ban daɗe da fitowa lakwal, wato makarantar boko, ba. A ganina duk ƙasar nan ba wanda ya fi ni ilimi sai Kumandan, Baturen da ke mulkinmu, shi ma don ya riga ni farawa ne.

A lokacin gwamnati ta kafa doka cewa kowane magidanci ya kawo damin hatsi da kaka a zuba a rumbun tsimi, kada a taɓa sai shekarar yunwa. Mutane suka kawo suna gunaguni, ni kuma aka ɗora ni a kan rumbun unguwarmu. Aikina na farko shi ne na ce kayan gwamnati ba ya zama ba ƙofa. Na sa magini ya fasa gefen rumbun, aka kafa ƙyaure na katako, na karɓo ƙaton kwaɗo daga bariki na datse. Makullin na rataya a wuya, a kan riga (in na sa a ciki wa zai gani?). Maginin ya dubi ƙofar, ya dubi sama, ya buɗe baki zai yi magana. Na ce masa aikin gwamnati ba a yi masa gardama. Ya kwashe kayan aikinsa ya tafi.

Akwai wani dattijo mai fataucin hatsi, Baba Ɗan Jimma. Da kaka yake saye, ya sayar wa Buzaye da Fulani in sun gangaro. Ni dai ba ya burge ni. Na sha tsayawa a rumfarsa ina yi wa jama'a bayani cewa gwamnati don talaka take, ɗan kasuwa kuwa don cikinsa. Ba ya ko ɗaga kai daga mudunsa, sai ya ce, "Hakanan ne, ɗana. Kai dai riƙe makullinka da kyau."

Na riƙe shi shekara uku, ban buɗe ƙofar ko sau ɗaya ba, domin doka ta ce kada a taɓa. A shekara ta ukun ruwa ya ɗauke da wuri, gonaki suka ba da ɗan abin da ba zai kai mu bazara ba. Kowa ya san rumbun nan ne abincinmu, shi ne kuma irin shukarmu.

Bayan girbi na tafi biki garin Adjekoria, na dawo kwana ɗaya kafin ranar da na faɗa. Ina shigowa gari da la'asar sai ga jakunan Baba Ɗan Jimma suna fitowa daga bayan rumbun, niƙi-niƙi da dammai. Na san damman nan sarai, domin ni na sa aka shafa wa igiyar kowane dami shuni. In rumbun ya zama wayam, unguwa ba ta da abin shukawa, ni kuma gidan kaso zan shiga. Na duba kwaɗo, yana nan a datse. Mai hankali da ya tsaya ya tambayi kansa ta ina aka shiga. Ni kuwa sai na yanke cewa tsohon nan asiri gare shi, na zarce bariki a guje.

Washegari da hantsi Kumandan ya iso da tafinta da gardi biyu, wato 'yan sandan bariki. Aka kawo Baba Ɗan Jimma aka tsayar a rana. Maigari ya zo, mata suka cika bakin danga, har da uwata. Na gyara murya na ce yau za a ga bambancin mai tsaron amanar jama'a da mai cin ta. Na ciro makulli na zura.

Ya ƙi juyawa. Damina uku da rairayi sun cinye cikin kwaɗon. Na murɗa, na tofa masa miyau, na buga da dutse, zufa na zubo mini har cikin ido. Kumandan ya fara kaɗa bulalarsa a ƙafar wando.

Sai Maigari ya ce a hankali, "Ranka shi daɗe, in cikin ake son gani, a ɗaga jinka mana. Mi za a yi da ƙofa?"

Maza huɗu suka jingina tsani, suka ɗauke jinkar kamar mai cire hula. A garin nan aka haife ni. Rumbun ubana ta sama ake shigarsa, ni da kaina na sha faɗawa ciki ina yaro. Shekara uku ina gadin ƙofar da ba mai bukatarta.

Gardi ya hau ya leƙa, ya ce rumbu cike yake har wuya. Ya jefo dami ɗaya. Maigari ya murje zangarniya a tafin hannu, ya hura, ya miƙa wa Kumandan. Hatsi ne sabo fil, na bana. Wallahi don daɗi na zauna a ƙasa ban sani ba.

Kumandan ya sa tafinta ya tambayi Baba abin da ake ciki.

"Hatsin da aka rufe aka manta, ƙwari ka cin shi," in ji Baba. "Kuma tsoho ba shi tsira da kyau. Duk kaka nikan kwashe na bara in kai ma Buzaye, in zuba sabo da igiyar shuni irin taka, dami bisa dami, gaban Maigari."

"Don Allah kake yi?"

"Da Allah, da ni. In mutanen ga sun mutu da yunwa, wa zan saida ma hatsi baɗi? Kuma rumbun ga ya fi nawa tsari, ga mai gadi ba ni na ɗauke shi ba."

Dariya ta ɓarke. Kumandan ya tambaya wa da wa suka san da wannan. Sai hannuwa suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya. Na waiwaya bakin danga, na ga na uwata a sama.

Ba a kai kowa kaso ba. Kumandan ya ce daga yau a riƙa musanyar a gabana, ya hau dokinsa. Na je na durƙusa gaban Baba na ce ya yafe mini. Ya ce, "Tashi, ɗana. Da Nasara bai tilasta ba, ba wanda zai aje ko zangarniya guda, har ni. Kowa da nashi aiki."

Da bazara aka raba hatsin, muka ci, ruwa ya sauka muka shuka, ya tsiro. A wani ƙauye da mai gadinsu ya fi ni iya tsaro, har jinkar ya ɗaure, sun buɗe sun tarar da gari da ƙwari.

Tun daga ranar na rage wa'azi a kasuwa. In aka tambaye ni wa ya ceci unguwarmu a shekarar nan, gwamnati ko ɗan kasuwa, nakan ce su biyun ne, ni kuma na taimaka da rashin sanin abin da ake yi.