Ranar da Kaca Ta Cinye Mini Wando

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Alhamis ba, ko da kuwa tsufa ya sa na manta sunan jikokina. Lokacin ina koyarwa a wata firamare a yankin Durun, ni kuma gidana na Gwarzo. Shekarun nan ne da aka ƙaddamar da Shari'a, ga tsadar rayuwa, ga wahalar man fetur. Babur ɗina na jingine shi a zaure kaji suna kwana a kai, na koma wa tsohon kekena wanda murfin kacarsa ya daɗe da faɗuwa. (Ina gaya wa mutane motsa jiki nake yi. Babu wanda ya yarda.)

Yaranmu da yawa daga ƙauyuka masu nisa suke zuwa, kuma keke ne gatansu. Sai wata rana wani yaro ya sheƙo a guje ba birki, ya rungumi amalanken shanu, ya bar haƙori biyu a wurin. Iyaye suka taru suka ce an hana hawan keke zuwa makaranta. Abin da ya fi damuna shi ne Rabi, yarinya 'yar aji huɗu da ta fi kowa ƙoƙari a ajina. Mahaifinta, Malam Garba, malamin allo ne mai magana ɗaya. Ya ce ba zai bari ta yi wannan tafiyar a ƙafa ba, ba kuma zai bari keke ya karya masa ita ba, don haka ta zauna a gida kawai.

Ni da bakina ba ya shiru, na miƙe gaban hedimasta na bugi ƙirji. Na ce a ba ni wata guda in koya wa yaran hawa cikin natsuwa, sannan a kira iyaye su gani da idonsu. Idan ba su gamsu ba, a hana. Aka amince, har Malam Garba ya bar Rabi ta riƙa zuwa koyon hawan kafin ranar.

Wallahi wannan watan ya yi mini daɗi. Kullum bayan tashi mu fita fili, mu jera gwangwanaye, yara su yi ta zagaya su suna ƙyalƙyala dariya. Na koya musu a matsa birki a ji yana kamawa kafin a hau, a miƙa hannu kafin a juya, a sauka a tura idan an zo bakin titin Kano. 'Yan mata na koya musu tattare dogon hijabi su zauna a kansa, don kada wayoyin taya su ja shi. Amma doka ta farko, wadda na mayar musu waƙa har suna rera ta a hanya, ita ce: "Ɗaure ƙafar wando kafin ka taka feda!" Har tsohon tub ɗin taya na yanka na raba wa kowa 'yar roba ta ɗauri. Na kuma koya musu abin yi idan kaca ta kama tufafin wani: ɗaya ya riƙe keken, ɗaya ya juya feda baya a hankali, ba a fizga.

Ranar nuni ta zo. Ga dagaci a kujera, ga hedimasta, ga iyaye maza a tabarmi ƙarƙashin darbejiya, iyaye mata can gefe guda. Malam Garba na gaba-gaba da carbinsa, wandonsa a ɗage sama da idon sawu, fuskar nan babu alamar wasa.

Ni kuwa na ci ado. Sabuwar shadda ce fara, kaftani da wando, wadda na shekara biyu ban ɗinka irinta ba. An buga ta tana ƙyalli, ƙafar wandon nan faffaɗa har tana sharar ƙasa. Bayan doguwar gaisuwa, na yi jawabi kamar wani kwamishina, na ce ni zan fara zagaye ɗaya don a ga yadda gwanaye suke yi. Na tattare kaftanin na ƙulle shi tsaf a ƙugu, kamar yadda nake koyarwa.

Sai na ji an ja ni ta baya. Rabi ce, tana miƙo mini 'yar baƙar roba.

"Malam, robarka. Ba ka ɗaure ba."

Na dubi robar, na dubi shaddata. In sa wannan baƙar aba ta yamutsa mini bugu a gaban dagaci? Na ce, "Ke, je ki layi. Tun ba a haife ki ba nake hawan keke."

(Ku riƙe wannan maganar. Ni ma an riƙe mini ita har yau.)

Na hau, na kaɗa ƙararrawa, na zagaya gwangwani na farko da na biyu kamar ruwa. Na ji ana "Ma sha Allahu!" Kai ya fara kumbura. Da na zo daidai gaban dagaci sai na miƙe tsaye a kan feda, wai in ƙara armashi. Nan na ji wani ƙiii daga ƙasa. Kaca ta cafke ƙafar wandon dama, ta naɗe, ta ci gaba da ci. Na ƙara takawa don in ƙwace, abin da na hana yara sau ɗari. Zariya ta ce ɗas! Wando ya zame har gwiwa, keke ya tsaya cak, muka kwanta tare a gaban manyan gari.

Da kaftanin a sake yake, da ya rufa mini asiri. To na ƙulle shi a ƙugu da hannuna. Abin da ya bayyana shi ne gajeren wandon da matata ta ɗinka mini da ragowar atamfarta, saboda tsimi, mai zanen jajayen zakaru manya-manya.

Can sai wata tsohuwa daga ɓangaren mata ta ce, "La ilaha illallahu, zakaru!" Shi ke nan, wuri ya kece. Hedimasta ya cusa fuska cikin hula. Dagaci ya ja rawani ya rufe baki, kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa ina kwance, ƙafa a ɗaure da keke, ina roƙon ƙasa ta buɗe. Kunya kamar ta kashe ni, amma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na san na kashe maganar, Rabi ta bar makaranta ke nan saboda shaddata.

Ban ankara ba sai na ji muryarta a kaina: "Kada ka fizga, Malam! Sani, riƙe keken. Lami, juya feda baya, a hankali!" Yaran nan suka kewaye ni suka yi katanga da jikinsu, wani ya warware ƙullin kaftanin ya rufe ni. Cikin ɗan lokaci suka zare wandon daga kaca, baƙi ƙirin da mai, ya yage har ƙwauri. Sannan ba tare da kowa ya ce musu komai ba, suka koma layi. Kowa ya ɗaure ƙafar wandonsa, 'yan mata suka tattare hijabi, suka matsa birki, suka hau. Suka yi zagayen nan tsaf, suna miƙa hannu a kwana, babu wanda ya taɓa gwangwani ko ɗaya. Ni ina tsaye riƙe da ƙugun wando da hannu biyu, hawaye na neman zubo mini don daɗi.

Da aka gama, dagaci ya yi gyaran murya ya ce, "To, mun ga wanda ya ɗaure, mun ga wanda bai ɗaure ba. Ina ganin babu sauran bayani."

Kowa ya juya ga Malam Garba. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Malam, da ka ɗage wandon nan kamar nawa, da ka samu lada, ka kuma tsira da mutuncinka." Aka sake fashewa da dariya. Ya ɗaga hannu. "Yarinyar da ta iya ceto malaminta daga keke, ba na jin keke zai gagare ta. Gobe ta zo."

Rabi ta daka tsalle har hijabinta ya tashi. Ran nan na koma Gwarzo da igiyar rama a madadin zariya, ina tafe ina murmushi ni kaɗai. Da matata ta ji labari, abin da kawai ta tambaya shi ne ko mata sun yaba ɗinkin.

Rabi ta gama makaranta, yanzu ita ma malama ce. Ni kuwa har gobe a Durun ba a san ni da sunana ba, sai Malam Mai Zakaru. Abin da na koya shi ne, idan ka kafa wa yara doka, fara ɗaure ta a ƙafarka. Idan kuma girman kai ya hana ka, to aƙalla ka duba abin da ka sa a ciki kafin ka fito.