Ɗanliti da Ƙarfen Sabis

A Unguwar Tsamiya akwai wani Ɗanliti, mutumin da ba ya ƙara wa magana ko gishiri, yadda aka faɗa haka zai yi. Matarsa Tabawa mai awara ta shekara ashirin tana haɗiyar takaicinsa. Da aka kafa ƙarfen sabis a bayan gidansu, sai ciwon kai ya sa ta gaba, har ta sa dillali neman mai sayen gidan, gadon ubanta.

Wata rana masu bincike suka zo ɗibar jinin maƙwabtan ƙarfen, wai za su duba ko zama kusa da shi yana gajiyar da ƙwayoyin jiki. Shugabarsu ta ce wa Ɗanliti ya sa ido a kan matarsa. Kwana uku yana zaune gabanta ya zuba mata ido, awaki suka cinye waken gonarsa tas.

Wata rana kuma aka ce ya nisanta wayarta da ita. Ya kai wayar gidan ƙanwarsa, tafiyar awa biyu. Masu sayen awara suka yi ta kira, ƙanwar tana ce musu ta ƙare.

Wata rana shugabar ta ba shi igiya, ta ce ya auno mata daga gadon kwanan Tabawa zuwa gindin ƙarfen, miƙe sak, ban da kwana. Bango ya tare hanya. Ɗanliti ya ɗauko diga.

Tabawa ta dawo ta tarar da ƙaton rami a bangon ɗakinta, ana hango titi daga kan gadonta. Ta zauna ta yi kukan baƙin ciki.

"Malam, wa zai sayi gida da rami?"

"Ai cewa ta yi ban da kwana."

Mako guda kanta bai sara ba. Da shugabar ta zo karɓar awo, ta ga kurfotin gawayi a ɗakin kwanan da ba shi da taga sai wannan ramin, inda Tabawa ke suya ƙofa a rufe saboda ƙuda. Ta ce sakamakon jini bai fito ba, amma wannan hayaƙin kaɗai ya isa kwantar da mutum.

Da la'asar Ɗanliti ya shigo da kwanon laka a ka zai toshe ramin. Tabawa ta dube shi, ta nemi zagi ta rasa.

"Sauke, Malam. Je ka gaya wa dillali na fasa."