Yadda Za Ka Sa Bishiya Ta Sa Maka Hannu

Ɗan'uwa, a Greensboro ta Amurka mota ta daina burge kowa, gida a unguwar masu kuɗi ta Summerfield ma an saba ji. Abin da ya rage wa mai son a san da shi shi ne tara hotunan shahararrun bonsai masu ɗauke da sa hannu. Bonsai ita ce bishiyar nan da ake tsarewa a tukunya, ana datse mata saiwa da rassa don kada ta girma. Bi matakan nan, na yi maka alkawari sai sunanka ya cika gari.

1. Nemo lokaci

Na san ka yi wa matarka Rahina alkawarin da hutun bana za ka kai ta Kumasi ta ga tsohuwarta da ke kwance. Ɗaga tafiyar. Surukarka shekara saba'in gare ta kacal, bishiyar da za ka ziyarta kuwa ta ba ɗari uku baya. A tarbiyyarmu babba ake fara gaisarwa.

2. Durƙusa

In ka isa gidan adana su, cire takalmi, ka kai gwiwa ƙasa, ka tambaye ta gajiya da iyali. Ba za ta amsa ba. Haka manya suke, kuma 'ya'yanka sun riga sun sabar maka da gaisuwar da ba amsa.

3. Karɓi sa hannu

Nan jahilai ke cewa bishiya ba ta da hannu. To, su da suke da biyu me suka tsinana? Shafa wa reshe tawada ka danna a hoton. In mai gadi ya riƙe maka wuyan riga, roƙe shi ya sa hannu a madadinta. Wakili ma mutum ne.

4. Tallata kanka

Sauke hoton aurenku daga bangon falo, ka rataya na bishiya. Ɗauki wani ka kai shagon Anti Azaratu mai sayar da gari da manja a titin Gate City Boulevard. Za ta gyara tabarau ta ce, "Ei, ɗana, wa ya yi signing? Aljanin da ke cikinta?" Kada ka musa. Kafin la'asar labari ya kai masallaci da coci.

5. Wayar da kan iyali

Rahina za ta tsaya gaban bangon ta ce, "Maigida, wannan abar, me ya sa ba ta girma?"

Gyara murya ka yi bayani: an raba ta da ƙasarta, ana yanke saiwar duk lokacin da ta miƙe, ana ba ta ruwa daidai yadda ba za ta mutu ba, ana nuna wa baƙi.

Za ta ce, "Ashe kana da irinta a kicin. Kawo biro in sa maka hannu."

Kada ka yi dariya, ba wasa take ba. Kada kuma ka miƙa biron.

Gargaɗi

Ni shawara na bayar, ban ɗaura wa kowa aure ba. In ka dawo aiki ka tarar da tukunya ba bishiya, kada ka neme ni. Babu hannuna a ciki.